Yadda adireshin waje ya ratsa layin cikin gida daga Bompai zuwa Sharaɗa

Kamfanin da nake kula wa da kwamfutoci a Kano yana da wuri biyu: ofis a Bompai, sito a Sharaɗa. Layin faiba a ofis ya tsaya, domin nan ne kamfanin intanet ke da kebul a kusa. Sabobi kuwa, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, suna sito, saboda can aka zuba sola da batura, can ne kuma ake da ɗakin da sanyinsa ba ya yankewa ko an ɗauke wuta. Abin da ya haɗa wuraren biyu rediyo ne na Ubiquiti, ɗaya a nan ɗaya a can, a kan dogayen ƙarafuna suna kallon juna ta saman gari. A ofis akwai rauta ta MikroTik, na'urar da ke nuna wa saƙonni hanyar da za su bi. A sito akwai katangar tsaro ta pfSense a kan wata 'yar kwamfuta mai ramukan kebul huɗu. An daɗe a haka ba wanda ya koka, sai da aka kawo sabar waya.

Asterisk, manhajar rarraba kiran waya, ce aka ɗora mata, don kamfani ya zama yana da lamba ɗaya, kira ya shigo a rarraba shi tsakanin masu sayarwa da masu sito. Kira yakan shigo, waya ta yi ƙara, a ɗauka, mai kira yana jin mu sarai amma mu ba ma jin sa. Wani zubin kuma ana tsaka da magana sai layi ya yanke, kuma kusan kullum a daidai daƙiƙa talatin da biyu. Duk wanda ya taɓa fama da SIP, ƙa'idar da ake haɗa kiran waya da ita ta intanet, ya san wannan lambar. SIP yana rubuta adireshin na'ura a cikin jikin saƙonsa, ba a bayan fakiti (ƙunshin da saƙo ke tafiya a ciki) kaɗai ba. Idan saba ta ce "turo mini murya a 192.168.20.15", wanda ke can ƙetare ba shi da hanyar zuwa wannan adireshi, don na cikin gida ne, kuma gidaje miliyoyi suna amfani da irinsa.

Akwai dabarun lallaɓa wannan idan NAT ɗaya ne a gabanka, wato na'ura ɗaya ce ke sauya adireshin cikin gida zuwa na waje. Mu uku ne a jere. pfSense tana sauyawa, MikroTik ta sake sauyawa, sannan da na duba adireshin da kamfanin intanet ya ba ƙafar rautarmu ta waje, sai na ga ya fara da 100.64. Wannan rukunin, 100.64.0.0/10, an ware shi ne a 2012 don kamfanonin intanet su riƙa cusa abokan ciniki masu yawa a bayan adireshi ɗaya. Ashe duk tsawon lokacin nan ba mu da adireshin kanmu a intanet, muna raba ɗaya ne da mutanen da ba mu sani ba.

Da na kai wa Alhaji, mai kamfanin, maganar, abin da ya fara tambaya shi ne: "To wannan kuɗin da muke biya duk wata, na mene ne, idan adireshi ma sai an saya daban?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, fita muke biya. Shigowa kuma sai da adireshi, shi kuwa ya yi tsada a duniya."

Ba zuƙi ta malle na yi masa ba. Irin wannan adireshi, wanda ake kira IPv4, gaba ɗayansa biliyan huɗu da miliyan ɗari uku ne, da ɗan ragi. IANA, hukumar da ke rabon adireshi ga yankunan duniya, ta raba na ƙarshe da ke hannunta ranar 3 ga Fabrairun 2011. AFRINIC, mai rabon Afirka daga Moris, ta fi sauran yankuna jimawa da saura, amma tun Janairun 2020 ba ta ba mai nema fiye da /22 a lokaci guda, wato adireshi 1,024. Kamfanin da ke da dubban abokan ciniki dole ya yi tsimi. Alhaji ya sa hannu, muka nemi /29, adireshi takwas.

A nan ne abin da ya fi komai muhimmanci ya faru, kuma ba a gaban kwamfuta ba, a waya ne. (Lambobin da zan rubuta daga nan ba namu na ainihi ba ne, na ɗauko su daga 203.0.113.0/24 da 198.51.100.0/24, waɗanda aka keɓe don misali a rubuce-rubuce.) Takardar da suka fara aiko mini ta ce: rukuninku 203.0.113.8/29, ƙofar fita 203.0.113.9. Ma'ana rautarsu ta ɗauki .9 ta zauna a kan kebul ɗaya da tamu, tana jiran sauran adireshin su kasance maƙwabtanta. Duk fakitin da ya zo don .10, za ta yi shela ta ARP a kan wannan kebul: wa ke da .10? Sabarmu kuwa tana Sharaɗa, bayan rauta da rediyo biyu da katanga. Shelar ARP ba ta tsallake rauta. Ba mai amsawa.

Da na karɓa a haka, hanya uku ta rage mini. Ko in mayar da komai gada, kebul ɗin kamfanin intanet ya miƙe ɗanyensa ta rediyo har sito, abin da zai jawo duk hayaniyar waje ta hau layin da ma'aikata ke aiki a kai. Ko in kunna ARP na wakilci, MikroTik ta riƙa amsawa da sunan sabar, wanda yana aiki amma yana da wuyar bin sawu ranar da ya rikice. Ko in yi NAT na ɗaya-da-ɗaya, .10 ya tsaya a Bompai a riƙa fassara shi zuwa adireshin cikin gida. Wannan na ukun shi mutane suka fi yi, kuma ga shafin yanar gizo ya wadatar. Amma ni gudun fassarar ne ya fito da ni.

Na kira injiniyansu. Na ce, "Injiniya, ba a kan kebul nake son su ba. Ku ba ni /30, ƙaramin rukuni na haɗi tsakanina da ku, /29 ɗin kuma ku turo shi gaba ɗaya zuwa ƙafata."

Ya ce, "Oga, ai duk ɗaya ne, adireshin dai naka ne."

Na ce, "Ba ɗaya ba ne. A na farko rautarku tana neman kowane adireshi da kanta. A na biyu layi ɗaya za ku rubuta, cewa duk abin da ya zo don wannan rukunin a miƙa wa wane, sauran kuma ruwana ne."

Sai da aka buɗe tikiti, aka tura wa na sama da shi, aka ɗan ja, sannan sabuwar takarda ta zo: haɗi 198.51.100.4/30, su .5, mu .6, kuma 203.0.113.8/29 an turo shi zuwa .6. Wanda duk zai yi irin wannan aiki, ya tsaya a kan wannan tun kafin ya biya. Idan an samu haka, rabin wahala ta tafi.

Tambayar da yaron da ke koyon aiki a wurina ya yi mini ita ce wadda kowa ke yi: ta yaya adireshin waje zai bi ta layin da ke da 10.255.0.1 da 10.255.0.2, alhali an ce adireshin cikin gida ba ya shiga intanet? Amsar ita ce fakiti ba ya ɗaukar adireshin hanyar da ya bi. Abu biyu ne a rubuce a kansa: daga ina, zuwa ina. Rauta tana duba "zuwa ina", ta duba jadawalinta, ta ga maƙwabcin da za ta miƙa wa, ta miƙa. Lambar maƙwabcin amfaninta kawai a gano shi a kan kebul. Dokar RFC 1918 ta 1996, wadda ta ware 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16, ta hana waɗannan adireshi yawo a intanet ne a matsayin mafari ko makoma. Ba ta ce fakitin waje ba zai ratsa ta tsakaninsu ba. Manyan kamfanonin intanet da yawa haka cikinsu yake.

Muka sa aikin daren Asabar bayan sallar isha'i, don Lahadi ba a buɗewa. Ni ina Bompai, yaron yana Sharaɗa da laftof a jone kai tsaye da pfSense, saboda idan doka ɗaya ta toshe hanya daga nesa, sai an sami hannu a wurin. A MikroTik na danna Safe Mode kafin in taɓa komai. Idan haɗina da rautar ya yanke, da kanta take warware abin da na canza. pfSense ba ta da irin wannan, sai dai tana ajiye tarihin saituna, kuma daga allonta ana iya komawa na baya.

A sito muka fara. Ramin kebul na uku da ke zaune a banza muka mayar ƙafa mai zaman kanta, muka ba ta 203.0.113.9/29, na ce ya sa mata suna ZAURE. Aikinta ke nan: wurin da baƙo zai shigo a gana da shi ba tare da ya leƙa cikin gida ba. Sabar waya muka cire ta daga suwic ɗin da take tare da kwamfutar akawu, muka kai ta can, ta karɓi .10, ƙofar fitarta .9. Daga takwas, .8 da .15 sun tafi ga sunan rukuni da shela, .9 na katanga, saura biyar. Akwai dabarar cin takwas ɗin duka ta hanyar raba su ɗai-ɗai a matsayin /32, amma ban ga dalilin wahalar da wanda zai gaje ni ba a kan adireshi uku da ba mu buƙata.

A Bompai na canza adireshin ether1, ƙafar rautar da ke kallon kamfanin intanet, zuwa sabon /30, na gyara babbar hanyar fita, sannan na rubuta layin da dukan aikin ya rataya a kansa:

/ip route add dst-address=203.0.113.8/29 gateway=10.255.0.2

Na kashe Wi-Fi a wayata, na kunna data, don gwajin ya zo daga waje da gaske. Na buga ping, ɗan saƙon gwaji mai neman amsa, zuwa .10. Shiru.

Na buɗe Torch, mai nuna fakitocin da ke wucewa a MikroTik, a kan ether1. Ga fakitocin nan suna shigowa, ɗaya duk daƙiƙa, daga adireshin kamfanin wayata zuwa 203.0.113.10. To kamfanin intanet ya cika alkawari. Na koma ether5, mai zuwa rediyo: ba ko ɗaya. Sun shigo gida ke nan amma ba su fita ta ɗaya ƙofar ba. Na buɗe jerin dokokin katangar MikroTik na zuba wa lambobin ƙirga ido, sai ga ta can ƙasa tana motsi daidai da bugun ping ɗina: 41, 42, 43. Doka ce da rautar ke zuwa da ita daga masana'anta, mai cewa duk sabon haɗi da ya shigo daga waje, idan ba a yi masa NAT zuwa ciki ba, a jefar. Doka ce mai kyau ga gida ko shago. An rubuta ta ne bisa zaton cewa babu abin da ke bayan rauta sai adireshin cikin gida. Ban goge ta ba. Na sa wata a samanta mai barin abin da ya nufi rukuninmu ya wuce.

Nan take fakitoci suka bayyana a ether5. Yaron ya kira: "Oga, ga su nan a rajista, amma duk ja ne." Daidai ne, pfSense tana toshe duk abin da ba a ba shi izini ba, kuma tana duba dokokin ƙafar da fakiti ya shigo ta cikinta. Don haka izinin shiga ZAURE a shafin WAN, wato ƙafarta ta waje, ake rubuta shi, ba a shafin ZAURE ba. Wannan yana rikita sababbin hannu sosai. Ya sa dokar barin ping ya wuce zuwa .10, wayata ta fara samun amsa. Akwai kuma wani akwati a saitin WAN na pfSense mai toshe duk fakitin da ya fito daga adireshin cikin gida. Namu an daɗe da cire masa alama, tunda WAN ɗin nata rediyo yake kallo ba intanet ba, amma wanda ke sabon gini ya duba shi, in ba haka ba mutanen waje za su iso sabarsa, ma'aikatansa na ɗaya ofishin su kasa.

Shigowa ta samu. Fita ce ta fi cin lokaci, don ita ba ta nuna ciwonta. Na ce ya shiga sabar ya buga curl ifconfig.me, wanda ke gaya maka da wane adireshi duniya ke ganinka. Ya karanto mini: 198.51.100.6. Adireshin rautar Bompai ke nan. Sabar tana da adireshin waje nata na kanta, amma idan ita ta fara magana, ana cire mata shi a hanya a liƙa mata wani. Ping bai tona wannan ba saboda amsa ce ga haɗin da aka fara daga waje, NAT kuwa fakitin farko na sabon haɗi yake kamawa.

Wuri biyu ake yi mata wannan. pfSense, idan an bar NAT na fita a kan na kai-da-kai, tana fassara duk rukunin da ke ƙafafunta na ciki, ba ruwanta da na waje ne ko na gida. Muka mayar da shi Hybrid, muka sa doka a sama cewa abin da ya fito daga 203.0.113.8/29 kada a taɓa shi. Sai MikroTik, inda dokar masquerade, mai sauya adireshi zuwa na rautar, ta ce duk abin da ya fita ta ether1, ba ta ambaci daga ina ba. Na haɗa jerin adireshin cikin gida, har da 10.255.0.0/29 na rediyo don ita kanta pfSense ta iya sauko da sabuntawa, na ɗaure dokar a kan wannan jerin kaɗai. Ya sake bugawa: 203.0.113.10.

Kamfanin da ke ba mu layin SIP ya riga ya sa .10 a jerin waɗanda yake karɓa. Muka cire tsofaffin saitunan adireshin waje da aka cusa wa Asterisk lokacin lallaɓe. Duk da haka layin bai tashi ba. Torch ya nuna fakitocin fot 5060, wato lambar ƙofar da SIP ke bi, har yanzu suna fita da .6, alhali komai na sabar yana fita da .10. Dalili shi ne rauta tana yanke hukuncin NAT sau ɗaya ne, ta rubuta a kundin haɗe-haɗenta, ta ci gaba da bin abin da ta rubuta har haɗin ya mutu. UDP, irin haɗin da wannan layin ke amfani da shi, ba shi da sallama. Sai an yi shiru na wani lokaci ake share shi. Asterisk kuwa ba ta shiru, tana ta aika ɗan saƙon "kana nan?" a kai a kai, kowane saƙo yana sabunta tsohon hukuncin. Da an bar shi, haka zai kwana ya wuni. Na share wannan layin daga kundin MikroTik, ya share nasa a pfSense, layin ya tashi. Na kira lambar kamfani daga wayata, ya ɗauka a Sharaɗa, muka yi ta surutu da gangan har muka wuce minti biyar, kowa na jin kowa.

Da a ce nan aiki ya ƙare, da an yi ɓarna. Na ce ya buɗe rajistar katanga ya tace abin da ya nufi rukuninmu. Adireshin da bai cika awa biyu da haihuwa ba, ga baƙi sun yi layi: fot 22 na SSH da 23 na telnet, hanyoyin shiga na'ura daga nesa, 3389 na shiga Windows daga nesa, 445, 8291 na Winbox, manhajar saita MikroTik, da 5060 ba ƙaƙƙautawa. Har .12 da .13 da ba kowa a kansu ana ƙwanƙwasawa. Ba wanda ya san mu. Injuna ne ke bin dukan IPv4 lamba bayan lamba, wasu na masu bincike irin Shodan da Censys, wasu na ɓarayi. Masu neman 5060 su ne suka fi tayar mini da hankali, don abin da suke nema sabar waya ce mai raunin kalmar sirri, su yi ta kiran ƙasashen waje da ita cikin dare, mai ita ya wayi gari da bashi.

Abin da na lura da shi a wurare da dama shi ne mutane sun ɗauki NAT a matsayin tsaro, har sun manta ba don haka aka ƙirƙiro shi ba. Yana hana shigowa ne kawai saboda na waje bai san inda zai dosa ba. Da zarar saba ta sami adireshinta, wannan rufin ya yaye, abin da ka rubuta a katanga shi kaɗai ya rage tsakaninka da waɗancan injuna. Shi ya sa na fi ɓata lokaci a kan dokoki fiye da kan hanya.

Na raba aikin gida biyu. A Bompai tacewa ce mai gwaɓi: duk fakitin da ya shigo daga intanet yana da'awar ya fito daga adireshin cikin gida, ko daga rukuninmu, ƙarya yake, a jefar, fot ɗin da na san ba za mu taɓa buɗewa ba, a jefar tun a nan, kada shara ta ci ƙarfin rediyo. Ta ɓangaren fita kuma, ba abin da zai bar gidanmu da adireshin da ba namu ba, wanda shi ne abin da takardar ƙa'idar intanet ta BCP 38 ke roƙon kowa ya yi tun shekarar 2000. Ita kanta rautar na rufe Winbox ɗinta daga waje. Ramin da aka gano a cikinsa a 2018 ya ci rautoci masu ɗimbin yawa a duniya, kuma har yau ana neman waɗanda ba a sabunta ba. A Sharaɗa kuma tacewa ce ta dalla-dalla: 5060 daga adireshin kamfanin SIP kaɗai da kuma wayoyin teburin ofis, fot 10000 zuwa 20000 na murya daga kamfanin da wayoyin, shi ke nan. SSH daga kwamfutata kawai.

Dokar da na fi ba muhimmanci ba ta shigowa ba ce, ta shafin ZAURE ce. Na ɗauka cewa wata rana za a fasa sabar nan. Idan an fasa, ina mai fasawar zai iya zuwa? Kafin doka, ko'ina: kwamfutar akawu, na'urar kyamarori, shafin saitin rediyon biyu a 10.255.0.3 da .4, har shafin pfSense ɗin kanta. Na toshe duk wani sabon haɗi daga ZAURE zuwa rukunan cikin gida uku da kuma katangar, na bar mata DNS (neman adireshi da suna) da agogo da sabuntawa da kamfanin SIP. Wayoyin tebur su ke fara yi mata magana, amsarta kuma tana bin haɗin da suka buɗe. Inda take buƙatar ta fara, na buɗe mata rukunin wayoyin kaɗai, wanda ke a keɓe a nasa layin daban (VLAN).

Wani alheri da ya zo a kyauta: wayoyin Bompai suna kiran sabar da .10 ɗin nan da kowa ke kira, rauta ta miƙa su ta rediyo kai tsaye. Babu buƙatar dabarar nan ta lanƙwasa NAT ya dawo ciki da masu tura fot ke fama da ita.

Saura ƙananan abubuwa. Na gwada ping mai girman 1472 da hana tsagawa, wanda idan an haɗa da 28 na kan fakiti ya cika 1500, ya wuce lafiya, don haka MTU, wato iyakar girman fakiti, ba matsala. Traceroute, mai lissafa zangon da fakiti ya bi, daga waje yana nuna taurari, alamar rashin amsa, a zango ɗaya kafin sabar. PfSense ce ke amsawa da 10.255.0.2, ana jefar da amsar a hanya, ba abin damuwa ba ne. Na duba rukunin a Spamhaus, mai jera adireshin da suka yi ƙaurin suna, tunda adireshin IPv4 da yawa yanzu kwance ne, wani ya yi amfani da shi kafin kai. Namu a tsabtace yake. Sai layi ɗaya da mutane ke mantawa:

/ip route add dst-address=203.0.113.8/29 blackhole distance=254

Idan kebul ɗin rediyo ya fita, hanyar Sharaɗa takan ɓace daga jadawali. Fakitin .10 zai shigo, rauta ta rasa inda za ta kai shi sai babbar hanyar fita, ta mayar wa kamfanin intanet, su kuma su sake turo mana, a yi ta jifa da shi har TTL ɗinsa, wato adadin zangon da aka yarje masa, ya ƙare. Wannan layin yana kwance ne a ƙasa. Ranar da hanyar gaskiya ta faɗi, shi zai haɗiye fakitocin.

Ranar Litinin da Alhaji ya ji waya na aiki, sai ya tambayi sauran adireshin huɗu. Yana son a ba na'urar kyamarorin sito ɗaya, ya riƙa kallo daga wayarsa idan ya yi tafiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, kallon za ka samu, amma ba ta nan ba." Irin waɗannan na'urori ne muguwar manhajar Mirai ta tara a 2016 ta rikita manyan shafukan Amurka da su, kuma yawancinsu masana'anta ba ta sake waiwayarsu da gyara bayan an sayar. Na kunna WireGuard, ɓoyayyiyar hanyar shiga daga nesa, a MikroTik, wanda manhajarta RouterOS 7 ke zuwa da shi, na sa masa a waya. Maɓalli ɗaya yake dannawa ya shiga cikin gida, kyamarorin kuma ba su san intanet ba. Adireshi .11 daga baya ya tafi ga shafin da dillalai ke duba kaya; sauran suna nan a toshe.

Akwai abin da wannan tsari bai magance ba, kuma na faɗa masa tun ranar. Muna da layin ko-ta-kwana na 4G don ranar da masu aikin titi suka tsinke faiba. Ma'aikata za su ci gaba da aiki ta kansa, amma adireshin nan takwas na kamfanin faiba ne, ta wurinsu kaɗai duniya ta san hanyar zuwa. Mai riƙe adireshinsa ta layi biyu sai ya mallaki aƙalla /24 da lambar AS, wato lambar shaidar cibiyarsa, daga AFRINIC, ya riƙa sanar da rukuninsa ta BGP ga kamfanonin biyu, domin ba a karɓar sanarwar rukunin da bai kai /24 ba a babban jadawalin intanet. Wannan ya fi ƙarfin buƙatarmu nesa ba kusa ba. Abin da muka yi shi ne, a kan ƙafar 4G na bar masquerade ya kama kowa har da ZAURE, don sabar ta iya fita ko da ba a iya shigo mata; kamfanin SIP kuma muka yi da su cewa idan .10 ta daina amsawa, su karkatar da kira zuwa wayar hannu da ke teburin mai karɓar baƙi.